Sai An Gwada A Kan San Na Ƙwarai

 Ya ku 'yan makaranta, kwanan baya wani yaro ɗan maƙwabcina, wanda ke aji na sama, ya iske ni zaune a ƙofar gida da la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Baba, an ce ka daɗe kana aikin duba bindigogi a bariki. Shin yaya a ke gane bindiga ta ƙwarai?" Na yi shiru har yaron ya zaci ban ji ba. Na ji kuwa sarai. Abin da ya ɗaure mini baki shi ne, wannan tambaya ta taɓa zo mini sau ɗaya ina saurayi, na amsa ta da gaggawa, saura kaɗan amsar ta ci ran mutum. Na ce wa yaron ya ba ni kwana biyu. To, ga amsar na rubuto, don shi da ku duka.

Tun da fari ku sani ba kwaɗaita muku bindiga na ke yi ba. Dokar ƙasarmu ba ta yarda mutum ya riƙe ƙaramar bindiga ba sai da izni na musamman daga hukuma. Ni kuwa na ga abin da harsashi ke yi wa jikin ɗan Adam, ba na fatan ku gani. Amma a wurin bindiga na koyi yadda a ke auna amincin kayan aiki, kuma ban san wata hanyar da zan koya muku ba sai wadda na bi.

Ƙananan bindigogin hannu iri biyu ne manya. Akwai libarba, mai wani ƙarfe kamar 'yar ganga da ke juyawa, da ramuka galibi shida, kowane rami harsashi guda. Akwai kuma fistol mai ɗura wa kanta, ita ce za mu yi magana a kanta. Harsasanta na jere cikin wani ɗan gida na ƙarfe, wanda soja ke kira magazin, a kan zura shi ta ƙarƙashin mariƙi. A gindin gidan nan akwai sifirin mai turo harsashi sama ɗaya bayan ɗaya. In an ja kunama, albarushi ya kama, ƙarfin da ya kori harsashi gaba shi ne kuma ke tura ƙarfen saman bindigar baya. Yana komawa baya sai wata 'yar ƙugiya ta fizgo kwanson da aka harba, a yar da shi waje. Wani sifirin kuma ya maido ƙarfen gaba, ya kwaso sabon harsashi ya cusa shi cikin bututu. Duk wannan kafin ƙiftawar ido a ke yinsa, kuma kowane jan kunama harbi ɗaya ne tak.

Ayyuka huɗu ke nan: ɗurawa, da tashi, da fizgo kwanso, da yar da shi. In ɗaya ya ɓaci duka sun ɓaci, sai a ce bindiga ta cije. Babbar cikin irin waɗannan, wadda soja da 'yan sanda ke ratayewa a ɗamara, bututunta ya kan kai inci 4 da rabi zuwa 5, nauyinta kuwa wajen kilo ɗaya in ta ƙarfe ce zalla. Ta fi 'yar aljihu daɗin riƙo da daɗin saiti, ta kuma fi ta jure aiki. Don haka ita a ke ba wanda ransa zai dogara a kanta.

Sa'ad da aka kai ni ɗakin ajiyar makamai ina kofur, shugabana wani tsohon saje ne, kowa a bariki Baba Saje ya ke ce masa. Tun zamanin Turawa ya koyi aikin. Ba ya karatun boko sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma in ya rufe ido ya shafa bindiga da yatsa ya kan faɗi inda ta ci. Ni kuwa na fito makaranta, ina rubutu mai kyau, ni ke riƙe da littafin rajista. A raina ina ganin tsoho ya cika nawa. Bindiga ɗaya sai ya yini a kanta. Ya kwance, ya duba a rana, ya haɗa, ya tafi filin harbi, ya komo, ya sake kwancewa. Gidajen harsashi ma kowanne sai ya sa masa lamba, ya gwada shi da bindigar da za a ba da shi tare da ita. Waɗanda bai gwada ba tukuna suna cikin aljihun tebur na hagu, ya kuwa gargaɗe ni kada in taɓa su. Na kan ce a zuci, wannan ai ɓata lokaci ne, abin da ya fito daga masana'antar Turai me zai same shi?

Ran nan cikin hunturu aka aiki Baba Saje wani gari, zai kwana uku. Kashegari da hantsi sai ga wani hafsa matashi ya shigo, an ba shi aikin rakiyar kuɗin albashi zuwa wani sansani mai nisa, da asuba za su tashi. Tasa bindigar tana wurin gyara. Ya ce, "Kofur, zaɓo mini mai kyau." Na ƙame na ce, "To, ranka ya daɗe." Na bi jerin da ido, na ɗauko wadda ta fi duka ƙyalli, baƙinta wuluk, ko ƙwarzane babu. Ya jujjuya ta ya ce, "Kana da tabbacinta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzun nan zan gwada ta."

Na tafi filin harbi da gidan harsashin da mu ke gwaji da shi kullum, na harba biyar. Duka biyar suka tashi lafiya, suka kuwa taru wuri ɗaya a allo. Na komo ina jin daɗi. Da na zo haɗa masa gidajen harsashi biyu, sai na ga waɗanda aka gwada duk sun koɗe, fentinsu ya goge, na ji kunyar miƙa wa hafsa irinsu. Na jawo aljihun hagu, na zaɓo biyu masu kama da sababbi. Na kwarara musu mai ciki da waje don su ƙara sheƙi, na goge. Sa'an nan na buɗe rajista na rubuta, "An gwada, lafiya lau," na sa hannu. Har yau ina ganin wannan sa hannu a idona, da 'yar ƙawar da na ke yi wa harafin ƙarshe.

Kwana biyu bayan haka labari ya zo. 'Yan fashi sun tare hanya a wani kwazazzabo, sun gicciya itace. Hafsan ya diro daga mota, ya harba ɗaya, na biyu ya ƙi shiga. Harsashi ya kafe a karkace a bakin bututu. Yana cikin kokawa da bindigar aka same shi a dantse. Allah Ya kiyaye, sojan da ke bayan mota suna da manyan bindigogi, suka buɗe wuta, ɓarayi suka watse cikin daji. Kuɗi ba su salwanta ba, rai bai salwanta ba, amma hannun nan na hagu bai sake miƙewa sosai ba.

Da aka sallamo shi daga asibiti ya zo ɗakinmu, hannu rataye a wuya. Baba Saje ya riga ya komo. Hafsan bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye bindigar da gidajen harsashinta bisa tebur, ya dube ni, ya juya ya fita. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Baba Saje ya rufe ƙofa. Ya kwance bindigar gaba ɗaya, ya duba, bai ga aibi ko ɗaya ba. Ya ɗauki gidan harsashi na farko, ya duba gindinsa, bai ga lambarsa ba. Ya ɗago kai ya ce, "Yaro, daga ina wannan?" Na ce, "Daga aljihun hagu, Baba." Ya buɗe shi. Man da na zuba ya haɗu da ƙurar hunturu ta hanya, ya zama baƙin kunu mai danƙo, sifirin na tafiya da ƙyar. Ya nuna mini leɓen gidan, watau bakinsa na sama da ke riƙe harsashi. Ɗaya ya ɗan lanƙwashe, alamar an taɓa yar da shi bisa siminti, lanƙwasar ba ta fi kaurin farce ba. Ya ce, "Ka gani? Kallon kitse ka yi wa rogo. Bindigar ba ta da laifi, maƙeranta ba su da laifi. Abin da ka gwada dabam, abin da ka bayar dabam, ka kuwa rubuta an gwada."

A daren nan Shaiɗan ya zo mini da shawara. Ba wanda ya san maganar aljihun hagu sai ni da tsoho. Ina iya cewa harsashi ne ya yi sanyi, ko kuwa ƙura ce, wa ya isa ya hana ƙura a hunturu? Da safe na ɗan taɓa wa Baba Saje maganar a kaikaice. Ya ce, "Ɗana, in ka ce harsashi ne za a kwashe akwati goma masu kyau a zubar, lanƙwasasshen gida kuwa ya koma ɗamarar wani. Wa ka ke so ya zama na biyu?" Na tafi gaban kwamanda na faɗi yadda aka yi. Aka cire mini igiya ɗaya, aka rubuta a takardata. Baba Saje ya roƙa kada a ɗauke ni daga ɗakin, ya ce wanda wuta ta ƙona ya fi sabon zuwa sanin zafinta.

Nasa horon kuwa dabam ne. Ya ciro wani tsohon littafin Turanci daga akwatinsa, wanda malaminsa Bature ya bar masa, ya ce kowace yamma in karanta masa shafi biyu in fassara. A cikinsa na fara gamuwa da labarin yadda sojan Amurka suka zaɓi fistol ɗinsu. Daga baya na bi labarin a wasu wurare har na san shi sosai. Ku saurara, don a nan amsar tambayar yaron nan ta ke.

A shekarar 1898 Amurka ta karɓi tsibiran Filifin daga hannun Sifen. A kudancin tsibiran nan sojanta suka yi shekaru suna karo da mutanen Moro, jarumai masu yaƙi da takobi. Libarbar da Amurkawa ke riƙe da ita a lokacin, mai harsashi lamba .38, sojan suka yi ta kuka da ita, suka ce ba ta tsai da mutumin da ya taso gadan-gadan. Har aka koma aka ciro tsofaffin libarba masu lamba .45 daga ajiya. A 1904 aka sa wani hafsa, Thompson, da wani likitan soja, LaGarde, su bincika. Suka yi gwaje-gwaje, har da na shanu a mahautar Shikago, suka ce kada faɗin harsashi ya gaza .45 na inci. Masana na yanzu suna ganin binciken nan bai cika ƙa'ida ba, amma a kansa hukuma ta tsaya.

A 1907 maƙera suka kawo fistol masu ɗura wa kansu aka gwada a ma'aikatar makamai ta Springfield. Aka kawo iri iri, har da Luger ta Jamus. Alƙalan gwajin ba su tsaya kallon ƙyalli ba. Suka harba, suka busa wa bindigogin yashi mai laushi suka sake harbawa, suka sa su suka yi tsatsa da gangan suka sake harbawa. Daga ƙarshe biyu suka rage a fage, ta kamfanin Colt da ta kamfanin Savage. Ta Colt ƙirar John Browning ce, ɗan wani maƙerin bindiga, wanda aka haifa a garin Ogden ta jihar Yuta a 1855. Duk da haka ba a zaɓi ko ɗaya ba. Aka sayi 200 daga kowane kamfani, aka rarraba wa sojan doki su yi aiki da su cikin rana da ruwa, su kawo rahoto. Rahoto ya zo da ƙorafi a kan duka biyun, maƙera suka koma suka yi ta gyara. A ƙarshen 1910 aka yi musu babban gwaji, kowace ta cije, kowace ta karya wani abu a jikinta. Hukuma ta ce har yanzu da saura.

Sai a watan Maris 1911 aka yi gwajin da ya raba gardama. Aka ce kowace ta harba harsashi 6,000. In ta harba 100 a bar ta ta huce minti 5, in ta cika 1,000 a share ta a sa mata mai. Gidan harsashin Colt 7 ya ke ci, ku yi lissafi ku gani, sai an ɗura fiye da sau 850 kafin a kai 6,000. Ta Savage ta cije fiye da sau 30. Ta Browning ta harba 6,000 ɗin nan ba ta cije ba ko sau ɗaya. Ran 29 ga Maris 1911 soja suka karɓe ta, aka sa mata suna M1911. Shekara huɗu ke nan ana gwaji kafin hukuma ta sa hannu.

Da na kai nan a karatu Baba Saje ya ce, "Tsaya. Su nawa suka harba?" Na ce, "Dubu shida, Baba." Ya ce, "Kai fa?" Na sunkuyar da kai.

Ku da ku ke koyon lissafi, ga abin da tsoho ya sani da hankali, ni kuma na gane daga baya da alƙalami. A ce bindiga tana cijewa sau ɗaya cikin kowane harbi 100. Wannan mummunar bindiga ce, ba mai hankalin da zai dogara da ita. Amma in mutum 100 suka gwada ta, kowa ya harba biyar kamar yadda na yi, wajen 95 daga cikinsu ba za su ga kome ba, za su tafi su rubuta lafiya lau. In kuwa aka harba 6,000, aibin zai fito wajen sau 60. Ashe harbi biyar bai nuna bindiga na da kyau ba. Iyakar abin da ya nuna, ba ta mutu murus ba. Wannan shi ne ma'auni na farko, watau yawan gwaji.

Ma'auni na biyu, a gwada abin da za a yi aiki da shi, duka tare. Fistol da gidan harsashinta da harsashin kansa abu ɗaya ne a wurin aiki. Cikin shekarun da na yi a ɗakin nan, mafi yawan cijewar da aka kawo mana a gidan harsashi muka same ta, ko leɓe ya lanƙwashe, ko sifirin ya saki, ko datti ya taru. Shi ne ya fi kome araha a jikin bindigar, shi ya sa a ke raina shi.

Na uku, a gwada ta cikin wahala. Kowace bindiga tana da kirki a ɗaki mai tsabta. Abin tambaya, yaya ta ke in ta sha ƙura, in ta yi zafi, in hannun mai riƙonta ya gaji? Baba Saje ya kan girgiza fistol kusa da kunne. In ya ji 'yar ƙara kaɗan ba ya damuwa, ya ce an bar wa datti wurin zama ne. Wadda aka matse ƙarafanta ƙam ta kan fi tara harsashi wuri ɗaya a allo, amma ƙura kaɗan na iya tsai da ita. Wadda ta saki da yawa kuma harbinta ya kan warwatse. Gwanintar maƙeri a tsakanin nan ta ke. Mai kuwa a sa shi kaɗan inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, cikin gidan harsashi a bar shi a bushe.

Na huɗu, kada ta tashi sai an nufa. Bindigar da ke tashi don ta faɗi ƙasa ta fi mai cijewa haɗari, don ita a gida ta ke yin ɓarna. Saboda bukatar soja aka yi wa M1911 makulli biyu, ɗaya na babban yatsa, ɗaya a bayan mariƙi wanda ba ya sakewa sai tafin hannu ya damƙe shi. Mai duba bindiga ya kan gwada kowane makulli, bayan ya tabbata da idonsa da yatsansa cewa babu harsashi a ciki.

Na biyar, ta dubu ta zama daidai da ta farko. Wadda maƙeri ya kawo wurin gwaji ya shafe ta ya lallaɓe ta, amma soja ba ita za su riƙe ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, an ƙera irin bindigar nan kusan miliyan 2 a Amurka. Cikin masu ƙirar har da Remington Rand masu yin tafireta, da Union Switch & Signal masu yin kayan alamun jirgin ƙasa, da Singer masu keken ɗinkin nan da ku ka sani, waɗanda suka yi 500. Sharaɗin shi ne, in an ciro ƙarfe daga ta wannan kamfani ya zauna daram a ta wancan, don a iya gyara a fagen fama. Ƙira mai kyau ita ce wadda ko baƙon maƙeri ya bi ma'auninta za ta fito da aminci.

Akwai na shida, wanda zamani ya ƙara koya mini bayan Baba Saje ya kwanta dama, Allah Ya jiƙansa. Cin gwaji sau ɗaya ba ya ɗauke wa mutum duba. M1911 ta yi shekara 74 tana fistol ɗin sojan Amurka. Tun 1945 ba su sake sayen sababbi da yawa ba, sai gyaran tsofaffi, har suka gaji. A 1985 aka musanya ta da Beretta ta Italiya, mai cin harsashi 15, aka kira ta M9. Ita ma da gwaji mai tsanani ta ci. Amma kafin ƙarshen 1988 aka sami 'yan kaɗan da ƙarfen samansu ya karye ana harbi, har ya ji wa wasu rauni a fuska. Aka yi ta gardama, wasu na cewa ƙarfen ne, wasu na cewa harsashin ne ya yi ƙarfi. Daga bisani aka ƙara mata wani abin tarewa, don ko ƙarfen ya karye kada ya yi tsalle baya. Bayan 2003 kuma, a yaƙin Iraƙi, soja suka yi ta kukan tana cijewa. Da aka bincika sai aka tarar wani shafe mai kaushi da aka yi wa wasu gidajen harsashi shi ke riƙe yashin hamada. Aka sake shafen da mai santsi. Ranar da na ji wannan labari na daɗe zaune ban ce kome ba. Babbar ƙasa da masananta, ga ta ta yi tuntuɓe a kan dutsen da na yi. A 2017 suka zaɓi wata sabuwa ta kamfanin SIG Sauer, mai suna M17, ita ma masu dubanta ba su huta ba.

Saboda haka na riƙe al'adar tsoho har na bar aiki. Kowace bindiga da shafinta a rajista: harsashi nawa ta ci, yaushe aka sake mata sifirin, ran da ta cije, da wane gida, da wane harsashi. Sifirin ya kan gaji, ƙugiya ta kan cinye, tsaga ta kan fara ƙarama kamar gashi. Wanda ke rubutawa ya kan gan su tun suna tafe. Samarin da suka zo bayana suka riƙa cewa na cika nawa. Na kan yi murmushi, don na san inda na taɓa jin wannan magana.

Yanzu fa, ya ku 'yan makaranta, da yawanku ba za ku taɓa riƙe bindiga ba, ina kuwa roƙon Allah Ya sa haka. Amma kusan dukanku za ku riƙe alƙalami. Wani zai zama malamin asibiti ya rubuta an dafa allura. Wani zai zama mai duba gini ya rubuta gada ta yi ƙwari. Wani zai duba birkin mota, wani zai auna ruwan rijiya, wani zai ba yaro takardar shaida cewa ya iya abin da aka koya masa. Wanda zai dogara da rubutunku ba ya nan sa'ad da ku ke rubutawa, ba kuwa zai sami damar sake gwadawa ba sa'ad da bukata ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba ku gwada ba ku rubuta ba a gwada ba, ko da mai jira zai ɓata rai. Da na ce wa hafsan nan, "Ranka ya daɗe, waɗannan koɗaɗɗun su ne gwadaddu," da ya karɓa, watakila ya ɗan yamutsa fuska, da kuwa yau hannunsa biyu lafiya.

Bayan shekaru masu yawa na gamu da shi a tashar mota, dukanmu mun yi furfura. Na gane shi ta yadda ya ke riƙe da jaka a hannu ɗaya. Na matsa na gaishe shi, na faɗi sunana, na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne kofur ɗin nan. Ka yafe mini." Ya dube ni ya ce, "Na yafe tun ranar da na ji ka je gaban kwamanda da ƙafarka. Amma gaya mini, daga baya nawa ka ke harbawa kafin ka sa hannu?" Na gaya masa. Ya ce, "To, hannun nan bai tafi a banza ba." Motarsa ta cika, muka yi sallama.

Wannan ita ce amsata ga ɗan maƙwabcina. Bindiga ta ƙwarai ita ce wadda aka gwada da yawa, tare da kayanta duka, cikin ƙura da zafi, aka rubuta gaskiyar abin da aka gani, ba a kuwa daina dubawa ba. Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya sa ku zama mutanen da a ke dogara da sa hannunsu. Wassalam.